Akwatin Maganin Baba

A kasuwar kayan lantarki ta Shenzhen, Kuang Deming na tsaye a layi gaban rumfar mai sayar da maɓallai, riƙe da wata 'yar na'ura da ya haɗa da hannunsa. Matar da ke bayansa ta leƙo.

"Maɓallin ne ya lalace, ɗan'uwa?"

"Shi ne, Yaya. In na danna sau ɗaya, wani lokacin sai ya ƙirga uku."

"Lafiyarsa ƙalau, aikina ke nan a masana'anta. Ƙarfen cikin maɓalli yakan ɗan yi rawa kafin ya zauna, shi kuwa agogon cikin na'urar duk motsin da ya ji sai ya ƙirga. Ka saita shi ya ɗan jira rawar ta wuce?"

"Au, ana saitawa?"

Ta yi dariya. "Kai jama'a! Abin wasan yara kake haɗawa?"

"Akwatin maganin zuciya ne na babana. Dannawa ɗaya, ƙwaya ɗaya ta faɗo a kofi. Wannan na gwaji ne, irinsa sak na aika masa ƙauye, jiya ya isa."

Dariyar ta ɗauke. "To, ai zai ga ƙwaya uku a kofin."

"Ba ya gani, Yaya. Shi ya sa na haɗa masa."

"Yaushe yake sha?"

"Da ya gama cin abincin rana."

Tare suka dubi mai rumfar, wanda ya riga ya cinye shinkafarsa yana goge baki. Kuang ya lalubo waya ya kira babansa. Tana shiga, ba a ɗauka.

"Sake kira," in ji matar. "Sake!"