Mutum Biyun Da Aka Ce In Sallama

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, da kai da masu sauraro. Sunana Alhaji Ubale, ina da gidan burodi a Gumel.

Tun da aka sabunta dokar mafi ƙarancin albashi hankalina bai kwanta ba. An yi mana bayani cewa dokar tana hawa kan duk wanda ma'aikatansa suka kai ashirin da biyar, ni kuwa nawa ashirin da shida ne. Wallahi ba na ƙin ƙarin, na san halin da suke ciki. Amma fulawa da itace sun riga sun cinye ribar.

Ƙanena ya ce, "Yaya, sallami mutum biyu kawai, ka fita daga dokar ka huta."

Na yi ta juya maganar, daga ƙarshe na kira Baba Sale, dattijon da ke mana gadi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Alhaji, zancen ya iso mana. In ni ne, ba komai. Amma don Allah ka bar Hadiza mai ƙulla burodi, marayu take ciyarwa."

Sai na tambaye shi lafiyar iyali, na ce ya koma bakin aikinsa.

Har yau ban sallami kowa ba, ban kuma iya ƙarin ba. Na gaji. Masana doka da 'yan'uwana masu sana'a, ku ba ni shawara: yaya mutum zai bi doka ba tare da ya raba wani da abincinsa ba?

Ina gaida ma'aikatana, na san rediyonsu a kunne take.