Ki Aiko Masa da Kafiretar

Muslimat: Salamu alaikum. Inna, ina wuni?

Bara'atu: Ba Inna ba ce, Yaya Muslimat, ni ce.

Muslimat: Wa? Ɗaga murya mana, kamar daga cikin rijiya kike magana.

Bara'atu: Bara'atu ce. Ba zan iya ɗagawa ba.

Muslimat: Auta! Lafiya dai? Ina Innar?

Bara'atu: Lafiya lau. Ta shiga barka nan maƙwabta, ta bar wayar a caji. Ina wuni, Yaya? Ya Kaduna? Ya yaran?

Muslimat: Lafiya ƙalau. Ya mutanen Birnin Gwari? Ya damina?

Bara'atu: Alhamdu lillahi. Ya maigidan? Ya ƙafar tasa?

Muslimat: Da sauƙi, har ya koma kasuwa. Ke, bar gaisuwar nan haka. Me ya faru kike raɗa?

Bara'atu: Ina bayan rumbu ne. Yaya, don girman Allah, kafin in faɗa, ki yi min alkawari ba za ki ce ni na gaya miki ba. Ko Inna. Ko maigidanki. Ko sunana kada ya fito.

Muslimat: Na ji.

Bara'atu: A'a, ki ce wallahi.

Muslimat: Wallahi. To, faɗi. Abdulkahar ne ko? Ya tafi?

Bara'atu: Bai tafi ba. Yana ɗakin awaki, kan mashin ɗin Baba. Ba kya jin ƙwanƙwasa?

Muslimat: Ba na jin komai sai shuuu. To me ya yi?

Bara'atu: Yaya, ki aiko masa da kafiretar nan.

Muslimat: In yi me?

Bara'atu: Kafiretar da maigidanki ya sayo masa a kasuwar Panteka, wadda kika ɓoye. Ki aiko.

Muslimat: Bara'atu, kanki ɗaya? Ba ke kika kira ni kina kuka ba, kika ce in riƙe ta, idan babu ita mashin ba zai tashi ba? Kin manta abin da ya faɗa ranar da aka binne Baba? A gaban mutane ya rantse, wai a kan mashin ɗin nan da 'yan bindiga suka ƙona zai shiga daji ya nemo waɗanda suka kashe shi. Ni da kunnena na ji.

Bara'atu: Ban manta ba.

Muslimat: Mun rasa uba a hanyar Kutemeshi, kuma in ɗauki ƙarfe da hannuna in miƙa wa ƙanena ya bi bayansa? Tana cikin kwallar kayana, can ƙasa, kuma nan za ta tsufa. Duk lokacin da ya kira, an ce ba a samu irinta ba, shi ke nan.

Bara'atu: Ki tsaya ki ji mana. Hello? Yaya? Hello?

Muslimat: Ina ji, sabis ɗinku ne. Matsa gaba.

Bara'atu: In na matsa zai hango ni. Kin san tun da ya kwaso ƙwarangwal ɗin mashin ɗin a amalanke ya hana kowa shiga ɗakin. To ni ta ramin da akuya ta fasa a katanga nake leƙe. Kin tuna yadda yake da farko? Baƙi ƙirin, tankin ya lotsa, tayoyin sun narke, sai wayoyin wili kawai.

Muslimat: Kada ki tuna min.

Bara'atu: To yanzu in kin gan shi ba za ki ce shi ba ne. Ya kwance injin gaba ɗaya a kan buhu, ya wanke da kananzir, har buroshin haƙorina ya ɗauka bai tambaye ni ba. Ya sa sabon cen, ya ɗaure wili, ya buɗe tankin da guduma...

Muslimat: Wannan ai shi ne abin tsoron, sakarya. Yana gamawa sai tafiya.

Bara'atu: Ni ma haka na ɗauka. Ranar nan na ga ya ɗauki igiya yana awo a bayan mashin, yana ƙulla ta, yana sake aunawa. Na ce shi ke nan, wurin ɗaura bindiga yake gwadawa. Wallahi tuwo ma kasa ci na yi, Inna ta ce ko zazzaɓi ne.

Muslimat: Inna lillahi. To?

Bara'atu: To jiya sai ga Manasseh mai walda da janaretonsa a baro.

Muslimat: Manasseh na bakin tasha? Mijin Sabina?

Bara'atu: Shi. Suka yi ta feshin wuta har akuyoyi suka tsere. Da na leƙa, sai na ga kariyar ɗora kaya ce suka yi a bayan mashin, ƙatuwa, mai faɗi, da zobe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Manasseh yana cewa, "Kai, Abdul, wannan ai gadon amarya ne ba kariya ba." Yaya Abdul ya ce, "Yi aikinka, arnen walda." Shi kuma ya ce, "To ustazun ƙarfe, riƙe nan kafin in haɗa da yatsanka." Yaya, dariya ya yi. Yaya Abdul! Har haƙoransa na gani.

Muslimat: Dariya ba ta hana mutum tafiya. Kariya kuma ai komai ana ɗaurawa a kai.

Bara'atu: Ki bari in ƙarasa mana, katin Inna nake ci. Zoben nan biyu, kin san na mene ne? Jarkokin nono.

Muslimat: Jarkokin me?

Bara'atu: Nono! Madara! Baffa Jumare ne ya kawo su da kansa aka gwada.

Muslimat: Jumare bafulatanin da Baba ke ba wa kiwon shanunsa? Ya shigo gidanmu? Wanda Abdulkahar ya ƙi miƙa wa hannu ranar ta'aziyya, tsoho yana hawaye?

Bara'atu: Shi fa. Ya zo da sandarsa ya tsaya a ƙofa, ya kasa shigowa. Yaya Abdul ya fita ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa masa buhu. Na ji suna cewa matan rugarsu wajen ƙauyen Saminaka nono na lalace musu kafin su iso gari da ƙafa, shi zai riƙa ɗaukowa da sassafe yana kawowa kasuwa. Da aka saka jarkokin suka zauna daram, Baffa Jumare ya shafa tankin ya ce, "Allah jiƙan mai shi." Yaya Abdul ya juya baya yana neman sifana, alhali tana hannunsa.

Muslimat: Ikon Allah.

Bara'atu: Kuma kin san samarin nan 'yan sa-kai da ke zuwa wurinsa? Su in za su shiga daji cire fitila suke yi, su cire madubi, su cusa abu a salansa don kada a ji su, su shafe mashin da baƙin mai. To shi madubi biyu ya sa. Ya sa fitila. Ya sa ham, irin mai kukan agwagwa, ya haɗa da batir yana ta dannawa, kaji na gudu. Kuma kin san fentin da ya yi?

Muslimat: Wane iri?

Bara'atu: Ruwan ɗorawa. Sai ƙyalli yake! Tun daga Randagi za a hango shi.

Muslimat: Ruwan ɗorawa? Mashin ɗin Baba? Kai, Abdulkahar bai da ido.

Bara'atu: Muni kam akwai, kamar kabewa. Ɗayansu ya leƙo ya gani ya ce, "Wannan da shi za ka shiga daji? Ai sai dai biki." Yaya Abdul ya ce, "Nono zan ɗauko." Mutumin ya yi tsaki ya fita, bai sake dawowa ba.

Muslimat: Hmm. Auta, ina so in yarda, wallahi ina so. Amma na san ƙanena. Tun yana yaro in ya ce zai yi abu, ko za a yanka shi sai ya yi. Wa ya sani ko duk wannan don ya kwantar wa Inna hankali ne, a ba shi kafireta, gari ya waye babu shi? Ya rantse fa, Bara'atu. Da sunan Allah ya rantse.

Bara'atu: To ai shi ne abin da ya sa na kira. Yau da safe na kai masa koko da ƙosai, ya ce in mayar. Jiya ma haka. Yau kuwa ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Inna ta fito ta ce, "Kai kuma azumin me kake yi a wannan rana, ga wutar walda?" Ya goge hannu da tsumma. Can ya ce, "Kaffara ce, Inna."

Muslimat: Ya ce me? Layin ya yanke, maimaita!

Bara'atu: Kaffara! Azumin kaffarar rantsuwa! Ya ce ya je wurin liman ya tambaya, an ce wanda ya rantse zai yi abu, ya ga barinsa ya fi alheri, to ya bari, ya yi kaffara. Ba shi da abin ciyarwa, shi ne yake azumi.

Muslimat: ...

Bara'atu: Yaya? Kin tafi ne? Hello?

Muslimat: Ina nan.

Bara'atu: Kuka kike?

Muslimat: Albasa nake yankawa. Ke ina ruwanki. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi, Allah na gode maka. Inna me ta ce?

Bara'atu: Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta kama zakaran nan mai faɗa ta ce a yanka na shan ruwa.

Muslimat: Zakaran da ta hana a yanka ko da Sallah?

Bara'atu: Shi. Yanzu haka yana cikin tukunya.

Muslimat: Amma hanyar Saminaka fa? Ita ma ai ba a gama yarda da ita ba.

Bara'atu: An ce ta yi sauƙi, mutane na bi. Kuma da rana ne, da ham ɗinsa da kabewarsa. Ni dai ya je ya dawo yana warin nono, na yarda.

Muslimat: Ni ma na yarda. Gobe in Allah ya kai mu zan kai tasha in ba direban motar safe. Bari ma in kira shi in...

Bara'atu: A'a! Kada ki kira! Zai ce ya aka yi kika sani. In ya gane ina leƙensa ta ramin akuya, wallahi toshewa zai yi, kuma ya daina yi min magana. Ki ce kawai an dace, an samu.

Muslimat: To, uwar tsoro. Ki gaishe da...

Bara'atu: Shhh. Ƙwanƙwasar ta tsaya.

Muslimat: Me?

Bara'atu: Ya fito. Yana cewa ina wayar Inna. Wayyo, ke zai kira, dama ya ce yau zai sake tambayar kafiretar! Yaya, ki bari ta yi ƙara sosai kafin ki ɗauka, kuma ki wanke muryarki, kada ya ji kin yi kuka.

Muslimat: In ya tambaya in ce masa me?

Bara'atu: Ki ce an samu! Bari in goge kiran, ga shi nan ya zagayo rumb...