Rahila mai wa'azi a kan turmi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Jiya na ji kun ce 'yan cocin Angalikan suna gardama kan ko mace za ta shugabance su. Sai na ajiye littafin soyayyar da ke hannuna, na tuna Rahila, ƙawata ta lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Iyayenta 'yan cocin ne.

Takan kife turmi ta hau, ta yafa farin zanen uwarta, ta yi wa kaji wa'azi, ni ina watsa masu gero kar su watse. Uwarta takan ce, "Sauko, ke! A wajenmu ba a naɗa mace." Ita kuma ta ce, "Kafin in girma za a fara."

Sun koma Najeriya, ban sake jin labarinta ba. Rahila, in kina saurare, aiko mini amsa: an naɗa ki kuwa?

Hadiza, daga Mayahi.