Ranar da Aka Mayar da Giyar Biko

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa, manya da yara. In kun ji murya ta ƙi ni ku yi haƙuri, zan tsaya in huta in ci gaba. Rahila kuka sani, amma a gidanmu Ige ake ce mini, kuma abin da zan faɗa ya faru ne tun ina Ige.

An haife ni a wani ƙauyen arna da ke bayan Birnin Ƙonni. Ina yarinya Turawa suka raba ƙasa, suka kafa duwatsu a tsakiyar gonakin mutane, suka ce nan ta Faransa ce, can ta Ingila. Gidanmu ya faɗa wajen Faransa, gidan da na yi aure ya faɗa Illela, alhali in ka fita da hantsi kafin rana ta yi tsaka ka isa.

Sunan mijina Nomau. A da ko da wuƙa a wuya ba zan iya faɗin sunan nan ba, yau tsufa ya ba ni dama. Ni na so shi, babu wanda ya tilasta mini. Mai jakai ne, yana ɗauko wa fatake gishiri da kanwa daga Ƙonni, ya koma da goro da tufafi.

Duk Illela an san shi da sanyin hali. Masu tsaron iyaka su sa shi ya sauke kaya cikin rana, su farke masa mangala, wani ya wanke shi da mari a gaban jama'a, shi kuwa ya yi murmushi ya ce ranka shi daɗe. Ubangidansa ya zage shi har iyaye, ya sunkuyar da kai. Mata suna ce mini na yi dace, na auri mutumin da ba ya fushi.

Ba ya fushi! Ni kaɗai na san inda marin nan da zagin nan suke sauka.

A Illela ba a dafa giya a fili, sai an tsallaka iyaka. To duk ranar da aka ci masa mutunci sai ya ratse wajen masu giya a ƙetare, ya iso gida da la'asar idanunsa jawur. Ba ya ihu. Da yana ihu da na sami zarafin gudu. Shiru zai ɗaure jakansa, ya shigo, ya ja ƙyaure.

Na san akwai yara a nan, amma ba zan lulluɓe maganar ba, don lulluɓewa ce ta kusa kashe ni. Da ƙarfi yake afka mini. Ina cewa a'a, ina roƙonsa, yana danne ni kamar ni ce na mare shi a kasuwa. Washegari ya ɗebo mini ruwa ya ajiye a ƙofar ɗaki, ba ya iya haɗa ido da ni.

In abin ya ishe ni sai in yi yaji, in ɗauki ƙwaryata in tafi gidanmu. A al'adarmu ta wancan lokaci, mijin da ya zo biko da tulun giya yake zuwa. Dattawa su zauna a rumfar Baba, shi ya durƙusa a gabansu, su yi masa faɗa son ransu, kowa ya tofa tasa. In sun gama, Baba ya ɗebi giyar ya zuba wa ƙasa kaɗan, ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi. Mai laifi ma dole ya sha, wai a wanke zuciya. Da an sha magana ta mutu. Mace kuwa ba ta fitowa, tana ɗakin uwarta har a kira ta a ce ta bi mijinta.

Kuma kullum hukuncin ɗaya ne: giya ce, ba shi ba ne. Su ce ai kowa ya san yaron nan ba shi da faɗa, ya dai rage sha.

Ku duba fa, 'yan'uwa. Mutum ya wuni a durƙushe ana yi masa faɗa a gaban surukai, yana haɗiyewa yana murmushi. Sannan a cika masa ciki da giya, a haɗa shi da ni a kan hanyar da babu kowa sai gero. Su a ganinsu sulhu suka yi. Ni na san abin da ke jirana tun kafin mu wuce dutsen iyaka.

A irin wannan dawowar ce na rasa cikina na fari. Ya riga ya fara motsi. A cikin gonar wani mutum abin ya faru, rana ba ta ko faɗi ba. Na rarrafa na isa gida, dare bai yi nisa ba jini ya ɓalle. Uwar mijina ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne, ta ce iska ce ta taɓa ni a hanya, kada in faɗa wa kowa.

Ban faɗa ba. Amma daga ranar zuciyata ta bushe. Ni da nake da baki, har ana ce mini in na fara tsiya a bakin rijiya sai guga ya huta, na koma ba na ko amsa gaisuwa.

A kasuwa ina sayar da daddawa, kusa da rumfar wata Bayarabiya mai sayar da zannuwa da duwatsun wuya, kowa Iya yake ce mata. Mijinta tela ne. Hausarta a karkace take, da ina lafiya da na sha dariya har na gaji. Su da wasu baƙi 'yan kudu sukan taru a ɗakinsu ran Lahadi su yi waƙa ƙasa-ƙasa, mu kuwa muna cewa tsafinsu ne suke yi.

Iya ta lura da yadda nake zama a gefe guda, da yadda nake firgita in namiji ya ɗaga hannu ko da ƙuda zai kora. Wata rana da kasuwa ta watse ta riƙe mini hannu ta kai ni ɗakinta, ta ba ni ruwa, ba ta tambaye ni komai ba. Wannan rashin tambayar ne ya kwance ni. Na yi kuka har na shiɗe, na faɗa mata duka, har ramin bayan ɗaki.

Da ta ce za ta yi mini addu'a sai raina ya ɓaci. Na ce wane Allah, yana ina ranar gona? Na zaci za ta rufe mini baki. Sai ta ce in faɗa masa haka ɗin, yadda na faɗa mata, Yesu ba ya marin wanda ya kawo masa fushinsa, shi ma an mare shi ya san zafin.

Na koma gida ina jujjuya maganar. Tun da nake ban taɓa jin an ce akwai babba wanda za ka gaya wa fushinka ka kwana lafiya ba. A wurinmu na ƙasa haɗiyewa yake yi, ya nemi wanda ya fi shi rauni ya amayar masa. Sai na ga Nomau sarai. Giya ba ta kawo masa komai daga waje ba, abin da ya tara ne take buɗe wa ƙofa, shi kuma ya zaɓi inda zai zubar. Bai taɓa buguwa ya afka wa mai bindiga ba. Komai shansa, ya san hanyar ɗakina.

Da damina ta zagayo na ga ina da wani cikin. Ba farin ciki na yi ba, tsoro ne ya kama ni. Ana nan aka ƙwace masa jaki ɗaya a iyaka, ya dawo da jan idon nan. Ranar na tsira da ƙyar, na tsallake danga na kwana wajen Iya, da gari ya waye na kama hanyar gidanmu.

Na san abin da zai biyo baya. Zai zo da tulu, za a sha, za a ce in bi shi. Kuma na san in na bi shi ta cikin geron nan, wannan ma a bayan ɗaki za a binne shi, ko mu biyu.

Safiyar da aka ce yana tafe, na zagaya bayan rumbun Baba na durƙusa. Ban san yadda ake addu'a ba. Na ce, Yesu, ban san ka ba, Iya ce ta ce kana ji. Ina jin haushin mutumin nan, ina jin haushin Baba, kai ma ina jin haushinka in kana gani ka yi shiru. Na rasa ɗaya, kada ka bari in rasa wannan. Bakina ya mutu, ka tashe shi.

Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Amma rawar da jikina yake yi ta tsaya. Na miƙe na share fuskata.

Ina ɗakin Inna ina jin su. An yi masa faɗa, ya ce ya tuba, wani dattijo ya ce giya ce. Na ji ƙarar ƙoƙo a bakin tulu. Inna ta riƙe mini zane, na zame, na fita tsakar rumfar maza, abin da ba a taɓa gani ba a ƙauyenmu.

Baba yana riƙe da ƙoƙon, bai ko zuba wa ƙasa ba. Ya ce, "Mi ya hiddo ki, ɗiyata? Koma ɗaki."

Na durƙusa na ce, "Baba, tun ina ƙarama nike ganin ka da ƙoƙo. In ka sha waƙa kakai, ka kwanta. Ka taɓa danne Inna tana kuka tana roƙon ka? To shi mutumin ga haka shikai min. Ran da kunka sha giyatai bara, cikin gona ya kashe min ɗa. Yanzu ga wani cikin. In kun sha wagga, kun sha jininai."

Kunya ta kama dattawa, wani ya ce yarinya ba ta faɗin irin wannan a gaban ubanta, a mayar da ita ciki. Baba ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Sannan ya juye giyar cikin tulu, ya kife ƙoƙon a ƙasa.

Ya ce, "Nomau, ɗauki tulunka ka aza ma jakinka. Ba mu sha."

Dattawa suka fara gunaguni, wai tun kakanni ba a taɓa mayar da giyar biko ba. Ba su rufe baki ba Nomau ya zabura. Murmushin nan ya ɓace. Ya wawuri sandarsa ya fasa tulun, ya yi kaina da ita, sai da ƙannen Baba suka taru suka danne shi yana kumfar baki yana zagina. Kuma ranar ko ɗigo bai sha ba. Duk wanda ke rumfar nan ya gani da idonsa.

Da suka sake shi sai ya zauna a ƙasa cikin giyar da ta zube, ya rufe fuska ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Wannan ne karo na farko da na ga hawayensa, kuma shi ne ganina na ƙarshe da shi. Aure ya mutu. Daga baya na ji ya bi masu tafiya kudu aikin haƙar kuza, bayan wasu shekaru wani falke ya kawo labarin ya rasu a can, babu nasa ko ɗaya a kusa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe masa nan da nan ba. Na daɗe ina kai wa Ubangiji sunansa da ɗaci a bakina. Amma da labarin mutuwarsa ya zo na yi kuka, har yau in na tuna sai na yi. Abin da ya yi mini shi ya yi, ba na ɗora wa giya, ba na ɗora wa masu marinsa. Sai dai yana ba ni tausayi cewa ya rayu ya mutu bai san akwai inda zai kai fushinsa a karɓa ba. Ni an gaya mini, shi babu wanda ya gaya masa.

Baba ma bai koma daidai ba. Har ya bar duniya, in ya gan ni sai ya ce, "Ni na miƙa ki, Ige, da hannuna." Ina ce masa ya bari, ya wuce, amma bai bari ba.

Ku maza, ina roƙonku. Abin da aka yi muku a waje, ku kai wa Yesu shi da zafinsa kafin ku taka ƙofar gida, ba abin kunya ba ne namiji ya ce ransa ya ɓaci. Ku iyaye, in 'yarku ta gudo, ku tambaye ta da bakinta kafin ku amsa wa mijinta. Ke kuma 'yar'uwata da kike zaune kina jina, zuciyarki tana bugawa don kin san abin da nake faɗi, ki dogara ga Ubangiji, ki kuma buɗe baki. Wanda ya ji ni a bayan rumbu zai ji ki.

Ɗana na farko ban ga fuskarsa ba, ban ba shi suna ba, yana can Illela a bayan wani ɗaki da ya daɗe da rushewa. Na bar shi a hannun Yesu. Ta biyun kuwa a ɗakin Inna na haife ta, da ranta, da kuka mai ƙarfi. Ga ta can a layin mata, da jikarta a cinya, tana harara ta don na sa ta kuka a cikin jama'a.

Tashi, Saratu, su gan ki. Na gode wa Yesu da ya bar mini ke. Amin.