Riƙon Makulli a Bakin Tafki

Duarte ya zo Zurich yawon buɗe ido, ya tsaya bakin tafki yana kallon ruwa da duwatsu, baki sake. Sai wata tsohuwa cikin kayan ninkaya ta danƙa masa makullan gidanta.

"Riƙe min, ɗan nan, in shiga in fito."

"Mama, ba ki san ni ba fa! In na gudu da su?"

"Kai? Wanda tafkin nan ya kama haka, ko ƙafa ba ya iya ɗagawa."

"Jirgina ya kusa tashi."

"Haka wancan ma ya ce."

"Wa?"

"Marigayi mijina. Kallo ya zo yi kamar kai, na ba shi riƙon makulli. A garin nan ya ga jikokinsa."