Hannun da Na Ɗaga

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu mai ceto.

Sunana Bitrus. Da yawanku kun san ni tun ina gadi a masaƙa a Kakuri, bayan na bar soja. Kun taya ni murna ranar da jami'a ta ɗauke ni karatun digiri a kan aikin fasto. Abin da ba ku sani ba a lokacin, ina dukan matata Rifkatu.

Na dake ta da bel ɗin soja. Na jefe ta da kujera. Ran Lahadi kuma in sa kwat in yi muku wa'azin ƙauna!

A shekarata ta ƙarshe ta karatu ina gida a Unguwar Boro, ina buga kundin bincikena da tafireta. Kundin kuwa a kan sasanta ma'aurata ne. Rifkatu ta kawo mini kunu, ta yi tuntuɓe, kunun ya malale a kan takardun.

Na kwaɗa mata mari, kanta ya bugi ƙarfen gado. Ban tsaya ba, na bi ta da shuri har maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Jini na zuba daga kunnenta. Likita ya ce kunnen hagu ya mutu ke nan.

Labari ya kai ga tsohon Rabaran ɗin da ke duba kundina. Ya kira ni ofis.

"Bitrus, ba zan sa hannu ba."

"Baba, saura wata biyu in gama!"

"Na sani. Su wa zan tura ka ka yi kiwo? Matan mutane?"

Kafin in ankara na dunƙule hannu, na ɗaga shi a kan tsohon nan mai furfura. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Buga, ɗana. In ka gama sai mu yi addu'a."

Na sauke hannun. Na zube a kan siminti ina ihu: "Yesu, ka cire mini wannan abu, ko ka ɗauki raina!" Tsohon ya riƙe kaina, muka yi ta kuka.

An dakatar da ni shekara guda. Dattawan ikilisiya suka sa ni horo, na koma bencin baya. Rifkatu ta tafi gidan yayanta a Kamazou. Duk Asabar nakan je, yayan ya tsare ƙofa.

Bayan wata takwas ta fito da kanta. Ta ce, "Baban Ladi, na yafe maka. Amma ranar da ka sake, da bakina zan faɗa wa ikilisiya."

Shekara uku ke nan ban taɓa ta ba. Halleluya! Bara na karɓi digirina. Kunnenta bai warke ba, wannan kuwa aikina ne, ba na ɓoyewa.

Na gode wa Allah da ya tsayar da ni kafin in yi kisa. Kai ɗan'uwa da matarka ta rufa fuska da ɗankwali ta shigo sujada yau, kada ka koma gida haka. Yesu yana iyawa. Ga ni nan gaba, taso mu durƙusa tare. Amin.