Geron da Ya Girma a Yini Ɗaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Rahama, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Habibullahi. Wakilan iyayenmu masu riƙe da ƙasa, Allah Ya ja zamaninku. Wakilan shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya tare da kansilolinsu. Malamanmu na zaure da na allo da na Islamiyya, Allah Ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ƙannenmu da ke zaune can hannun dama. 'Yan'uwanmu Fulani da suka baro rugage tun da sassafe. Ɗaliban da muka taru domin yaye su. Da sauran jama'a, har da waɗanda suka rasa kujera suna leƙe ta taga: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sharu Kawu, tsohon hedimasta. Ban san fim ba, ban taɓa riƙe kyamara ba, kuma har gobe idan aka ɗora ta a kaina sai in rasa inda zan sa hannuwana. Abin da ya sa aka kira ni uban wannan ƙungiya ta masu koyon fim shi ne zaurena yana da faɗi, kuma ba na korar yara. Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana yau. Ina godiya ga iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu a lokacin da, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan, kowa ke ɗari-ɗari da harkar fim. Ina godiya ga malaman da suka karanta labarinmu, suka gyara mana abin gyarawa, ba su ce mana haram ba kafin su duba.

Kafin in shiga zancena, akwai abin da nake so kowa ya sani. Ga Hammadu can, ɗan Malam Bappa na rugar bayan Fammar, wanda ya ba da umarnin fim ɗin da za ku kalla in na sauka. Ku dube shi, tun da aka fara taro bai ɗaga kai ba. An samo masa gurbi a Kano inda zai ƙaro ilimin wannan sana'a, kuma kaka ta yi, shanun gidansu suna shirin tafiya kudu, shi ne kuwa mai kai su. Mahaifinsa ya ce ba zai yanke magana ba sai ya ga aikin da idonsa. To, yau Hammadu zai san inda ƙafarsa za ta dosa, Kano ko kudu.

Magana uku nake tafe da su.

Ta farko a kan malaminsu ce, Malam Isma'il na Yalwa. Wannan bawan Allah ya yi shekaru a Kano yana ɗaukar hoto wa masu fim, sannan ya riƙa hawo mota duk Asabar yana zuwa zaurena, da kyamara a jakar goyo, don kawai kada yaran ƙauye su zama 'yan kallo har abada. Ni da kunnena na ji shi yana koya musu cewa rana ma ma'aikaciya ce, kada ka sa ta a bayan mutum sai fuskarsa ta yi duhu. Na ji shi yana koya musu yin shiru, domin na'urar ɗaukar magana ba ta san babba ba, tarin dattijo da kukan akuya duk ɗaya ta ɗauke su. Na gan shi ya sa yaro ya shigo ƙofa ɗaya ya fita har sai da na gaji da kallo na tafi alwala, na dawo na tarar ana nan ana shigowa. Na koyar shekaru masu yawa, jama'a, kuma na san malami in na gan shi. Malam Isma'il malami ne.

Ta biyu a kan wadda ta rubuta labarin ce, 'yata Lubabatu, 'yar Malam na Durba. Da aka ce kowa ya kawo labari, samarin nan sun kawo mana attajirai da motoci da gidajen bene, mutanen da ko a mafarki ba su taɓa zama da su ba. Ita kuwa sai ta kawo labarin saniya ɗaya da ta shiga gonar gero da hantsi, da yadda manomi da makiyayi suka tashi kamar za su ci juna, da yadda dattawa suka sasanta su kafin la'asar. Shi ke nan labarin, yini guda. Aka yi mata dariya. Malam Isma'il bai yi ba, cewa ya yi, "Lubabatu, labarinki yana da ƙashi, amma mutanenki duk da bakinki suke magana. Je ki ji yadda manomi ke fushi." Yarinyar nan ta koma gida. Ta zauna bayan zana tana sauraron sulhun da ake kawo wa mahaifinta, ta bi masu tallan nono tana jin yadda suke ba da labarin ɓarna ta nasu ɓangaren, ta goge, ta sake, ta kuma gogewa. Ranar da aka karanta mana na ƙarshe, wallahi na san mutumin da ke cikin kowace magana, har na kusa kiran sunansa. A ranar na gane cewa mai rubutun fim da kunne yake fara aiki kafin ya ɗauki alƙalami.

Ta uku ita ce doguwar, ku yi haƙuri da ni.

Bara da damina aka fara ɗauka, a wata gona kusa da Fammar, gero yana idon sawu. Kyamarar ta aro ce, tana zuwa ƙarshen mako ta koma Kano. Wani makon ruwa ya hana, wani makon batir ya mutu, wani makon mai ita ya tafi da ita biki. Yaran kuwa suna bin labari daki-daki yadda Lubabatu ta jera shi, na farko sannan na biyu, kamar mai ba da tatsuniya. Kuma kada ku ce sakaci suka yi. An koya musu cewa tunda labarin yini ɗaya ne, dole komai ya tsaya yadda yake. Rigar da Isiyaku ya sa, wanda ya fito a manomi, ba a bari an wanke ta ba duk daminar. Hularsa tana hannun Hammadu, shi yake karya ta da kansa, ta gefen hagu. Gemunsa ana daidaita shi da almakashi kafin kowace ɗauka, har maiɗakinsa ta aiko tana tambaya ko mun ɗauke shi aikin soja ne. Saniyar ma an hana a sayar da ita.

Da aka gama, aka kai kaset Kano aka haɗa, aka dawo da shi zaurena, muka tayar da janareta. Jama'a, ga saniya ta sa kai gona, gero a idon sawu. Manomi ya rugo da gudu, gero a gwiwa. Ya buɗe baki ya ce, "Kai, mai shanu!" Makiyayi ya juyo zai amsa, sai ga gero a kafaɗarsa. Kafin dattawa su iso daga masallaci gero ya fid da kai, kafin a yi musabaha a rabu ya isa tumu! Wani dattijo maƙwabcina da ya leƙo ya ce, "Sharu, don Allah a ina ake samun wannan iri? A taimaka mini da ko tiya ɗaya." Zaure ya kece da dariya, har da ni.

Ku duba abin mamaki. 'Ya'yan manoma da makiyaya, waɗanda suka tashi cikin gero, sun tsare hula, sun tsare gemu, sun manta gona tana girma. Sun saba da ita har idonsu ya daina ganinta. Malam Isma'il ya dafe kai ya ce, "Baba Sharu, ni a falo na koyi aiki, kujera kuwa ba ta tsiro."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Hammadu. Damina ɗaya mahaifinsa ya ba shi ya gwada harkar fim, ta kuma ƙare, an yanke geron, babu inda za a sake ɗauka sai wata shekara. 'Yan'uwansa ɗalibai suka taru a kansa. Wani ya ce a yanke nan a liƙa can. Wani ya ce mutanen birni ba za su lura ba, su da ba su san gero ba sai a cikin fura. Wani ya ce, "Kai dai kai wa Baffa ya gani, zai ga shanunsa a talabijin ya ji daɗi, ka samu ka wuce." Ina zaune, ban sa baki ba. Sai Hammadu ya ce, "Manoman Fammar za su kalla. Ba zan nuna musu gonar da babu irinta a duniya ba, in ce musu tasu ce." Ya miƙa kaset ɗin ga malaminsa. Da lokaci ya yi, ya ɗauki sandarsa ya bi shanu kudu, ba shi da abin nunawa ko ɗaya, kuma bai roƙi a ƙara masa lokaci ba.

Na yi baƙin ciki ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka mun rasa shi.

Duk ranin nan Lubabatu ba ta zauna ba. Ta kwance labarinta ta sake jera shi domin masu ɗauka: duk abin da zai faru a gona wuri ɗaya, ko na farkon labari ne ko na ƙarshe, duk na ƙofar masallaci wuri ɗaya, duk na ruga wuri ɗaya. Da ruwa ya sauka bana, shanu suka dawo, sai ga Hammadu a ƙofar zaurena, ya yi baƙi ya rame, bai ko je aski ba. Bayan gaisuwa abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi shuka. Aikin gona kuwa, wanda ya cinye musu damina bara, a ƙarshen mako guda suka ɗauke shi kaf, suka yi sulhu kafin su yi faɗa, gero bai sami damar motsawa ba. In kun kalla anjima, ku sa masa ido, ina ƙalubalantar duk manomin da ke ɗakin nan.

Ɗalibaina, wannan shi ne abin da nake yabawa a gare ku. Kun koyi kyamara, madalla. Kun koyi rubutu, madalla. Amma kun koyi jin kunyar mai kallo, kun koyi cewa wanda ya zauna gaban aikinku ba wawa ba ne, kuma wannan darasin da tsada kuka saye shi. Ku riƙe shi duk inda kuka je.

Yanzu saura saƙo. Yau da hantsi, ana jera kujerun nan, Malam Bappa ya ja ni gefe. Kun san Hammadu ɗan fari ne, kun kuma san kunyar Fulani: ba zai kira sunansa ba, ba zai dube shi ya faɗa masa magana irin wannan ba. Sai ya ɗora mini. Na ce, "Malam Bappa, ai ba ka ga fim ɗin ba tukuna, bari a nuna." Ya ce, "Sharu, ni ban san fim ba, ko na kalla ba zan san mai kyau ba. Abin da zan gani na riga na gani. Da yaron nan ya kawo mini na bara, da ban gane komai ba. Bai kawo ba. Ya kai shanu ya dawo da su, bai ɗaure mini fuska ko sau ɗaya ba. Irin wannan ba na tsoron ya shiga Kano."

Na ce, "To shanun fa? Ƙaninsa bai isa ya kai su shi kaɗai ba."

Ya ce, "Ƙafata ba ta mutu ba."

Jama'a, ku dubi Malam Bappa, ga shi can ya sunkuyar da kai. Sa'ana ne. Ya ajiye tafiyar kudu tun gwiwoyinsa suka fara ciwo, kuma bana zai sake ɗaukar sanda, ya kwana a daji, ya sha ruwan rafi, domin ɗansa ya je ya koyi abin da shi bai ma san sunan kayan aikinsa ba.

Hammadu, ɗana, tashi tsaye. Ɗago kanka. Mahaifinka ya ce ka tafi Kano.

Zauna, zauna. Ku ƙyale shi ya yi kukansa, ni ma ga shi ina neman hankicina.

Ya Allah, Ka yi wa waɗannan yara albarka, Ka tsare idonsu da harshensu da alƙalaminsu daga abin da ba Ka so. Ka saka wa malaminsu da alheri. Ka ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ka zaunar da manomi da makiyayi lafiya a ƙasar Rano da Kibiya. Ka mai da kowa gidansa lafiya. Ya Allah, Ka ƙarfafa gwiwoyin Malam Bappa, Ka kai shi lafiya, Ka dawo mana da shi lafiya tare da dukiyarsa, ya tarar da ɗansa ya zama abin alfahari.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.